Kwas ɗin James Cameron a MasterClass: na biya, na kalla sau biyu, ga ra'ayina

Bari in fara da faɗin sana'ata don a san daga inda nake magana. Ɗaukar bidiyon biki nake yi, kamu da dina da walima da suna, shekara tara kenan ina ciki, sannan a gefe ni da yarana biyu na shago muna ɗan haɗa gajerun fina-finai da kyamara ɗaya, fitila biyu da ƙaramin janareta. To mutum irina in ya ji an ce James Cameron, wanda ya yi Terminator da Titanic da Avatar, ya zauna gaban kyamara yana koyar da yadda ake fim, ai dole kunne ya motsa. Kwas ɗin tun 2021 ya fito a MasterClass, wani shafin intanet da shahararrun mutane ke koyar da sana'arsu ta bidiyo, ni sai bana Allah ya hore min na biya, kuma na kalle shi tas har sau biyu, na biyun da biro da littafi a hannu ina tsayarwa ina rubutu.

Abin da mutum zai samu in ya biya: darasi 15 ne na bidiyo, in ka haɗa su duka awa uku ne da 'yan mintuna, ga kuma wani ɗan littafi da ake saukewa a waya ko laftof mai taƙaita darussan. Tsarinsu ba wai kwas ɗaya kake saya ba, kuɗin shekara kake biya sai a buɗe maka duk kwasa-kwasan da ke ciki, har da na wasu daraktocin irin su Martin Scorsese da Spike Lee da Ron Howard. Da dala ake biya, kuma ni a nan na fara shan wahala don katin bankina ƙin wucewa ya yi har sau uku, sai da wani abokina mai katin dala ya biya min na tura masa naira. Duk wanda zai shiga ya fara warware wannan tukuna. Data kuma yana ci sosai saboda hoton garau ne, ni da daddare nake kallo lokacin da netwok ya fi zama. Turanci yake yi amma a nitse, ba ya sauri, kuma akwai rubutun da ke fitowa a ƙasa, don haka wanda ya yi sakandare mai kyau zai bi shi.

Ni abin da ya ja ni wajen mutumin nan ba kuɗin da fina-finansa suka kawo ba ne, hanyar da ya biyo ce. An haife shi 1954 a wani ƙaramin gari mai suna Kapuskasing a Ontario ta Kanada, babansa injiniyan lantarki ne, mamarsa nas ce kuma mai zane. Yana ɗan shekara 17 suka koma Kalifoniya, ya shiga kwalejin Fullerton yana karanta fiziks, ya canza zuwa Turanci, daga baya ma ya ajiye karatun gaba ɗaya ya kama tuƙin babbar mota. Bai taɓa shiga makarantar koyon fim ba. Abin da yake yi shi ne ya tafi laburaren jami'ar Kudancin Kalifoniya (USC) ya zauna yana karanta rubuce-rubucen ɗalibai a kan dabarun siddabarun hoto, wanda aka bari ya yi fotokwafi ya tafi da shi gida, haka ya koyar da kansa. Da Star Wars ya fito a 1977 ya kalla sai ya kasa zaune ya kasa tsaye, don abin da yake ta zanawa a takarda tun yana yaro ne ya ga wani ya riga shi sa shi a majigi, shi kenan ya ajiye tuƙi. A 1978 shi da abokansa suka yi wani ɗan gajeren fim Xenogenesis da kuɗin da wasu likitocin haƙori suka zuba musu, wajen dala dubu 20. Wannan fim ɗin ne ya zame masa takardar shaida har ya samu shiga kamfanin Roger Corman, mutumin da ya shahara wajen yin fim da kuɗi kaɗan cikin kwana kaɗan. A can aikin haɗa 'yan ƙananan jiragen sama jannati na roba ya fara, kafin a gama Battle Beyond the Stars na 1980 har ya zama mai kula da tsara dandalin fim ɗin.

Na kawo duk wannan ne saboda shi ne ginshiƙin abin da ya fi amfani a kwas ɗin. Darussan da suka fi tsaya min a rai duk na zamanin da ba shi da kuɗi ne. Terminator na 1984 dala miliyan 6.4 aka kashe masa, wanda a wurinmu kuɗi ne na fitar hankali amma a Hollywood, a fim mai butum-butumi da yaƙin zamani mai zuwa da tseren motoci, wannan ko kuɗin cefane bai kai ba. Akwai darasi guda sukutum a kan yin fim da ƙaramin kasafi, kuma wallahi shi kaɗai na maimaita ya fi sau biyar. Tun a wajen rubuta labari ya yi lissafin aljihunsa: maimakon ya kai mu can duniyar gaba inda komai sai an gina, sai ya ɗauko mugun daga can ya kawo shi Los Anjalis ta yau, inda titi da mota da gida duk suna nan kyauta. Sannan tunda babu kuɗin haska titi da daddare, sai su bi gari suna neman inda fitilun kan hanya suka fi haske su yi ɗaukarsu a nan. Da na ji wannan na ajiye waya na yi shiru, saboda mu kullum kukanmu babu kayan aiki, alhali gidan mai da ke bakin titinmu fitilunsa a kunne suke har ƙarfe goma, ban taɓa kallonsa a matsayin lokeshan ba sai ranar.

Salon koyarwarsa shi ne ya kunna fitowa ɗaya daga fim ɗinsa, ya tsayar, ya yi bayani, ya koma baya, ya sake tsayarwa. Wadda ta fi kowacce ita ce ta gidan rawar nan Tech Noir a Terminator. Duk wanda ya kalli fim ɗin ya san wurin, jarumar fim ɗin Sarah Connor ta gudo ta shiga tana jiran 'yan sanda, Arnold Schwarzenegger, wanda mu muka fi sani da Kwamando, shi ne Terminator ɗin da ke farautarta, ya shigo yana ratsa masu rawa yana dube-dube, ita kuma ta sunkuya ɗaukar kwalbar da ta ture daidai lokacin da ya waigo sai bai gan ta ba, ga kuma Kyle Reese a gefe wanda har lokacin ita ba ta san ko mai ceto ne ko shi ne makashin ba. Na kalli wannan wurin tun ina yaro a gidan kallo ban san sau nawa ba, amma ban taɓa lura da yadda ake rage gudun hoton a hankali a hankali, kiɗan gidan rawar yana nisa kamar ana jin sa daga cikin rijiya, har jan ɗigon hasken bindiga ya sauka a goshinta. Ya nuna cewa fargabar mai kallo daga sanin abin da jarumar ba ta sani ba take fitowa, kuma in ka ja igiyar dole ka san lokacin sakinta. Mu a namu fina-finan da an zo wurin tashin hankali sai a ƙure kiɗa a yi ta yanka hoto da sauri, shi kuma akasin haka ya yi, ya ja lokacin ya miƙe har sai numfashinka ya tsaya. Wannan darasin ko a bidiyon biki ya yi min aiki, shigowar amarya yanzu ba na gaggawar nuna fuskarta.

Maganar fuska ta tuna min da darasin yadda ake gabatar da jarumi, inda ya ɗauko shigowar Rose ta farko a Titanic. Ƙofar mota ta buɗe, hannu mai safa ya fito, sai wata faffaɗar hula da ta rufe komai, kyamara tana saukowa daga sama, sai da hular ta ɗaga sannan ka ga fuskar. Kafin ta buɗe baki ka riga ka san 'yar masu hali ce, kuma ka ji kamar kayan jikinta sun yi mata kurkuku. Titanic ba baƙo ba ne a wurinmu, har fim ɗin Hausa aka yi da aka ɗauko labarinsa daga can, Masoyiyata, don haka na san wannan darasin zai shiga ran mutanenmu da sauri. Haka ma wanda ya yi a kan yarinyar nan Newt a Aliens da kuma ɗakin ƙwayaye inda Ripley, jarumar fim ɗin da ta riƙi Newt kamar 'yarta, ta yi ido biyu da uwar dodannin, ba a ce uffan ba amma ka fahimci uwa biyu ne kowacce tana kare 'ya'yanta.

Sai wurin da Terminator yake gyara hannunsa da idonsa a ɗakin otal. Nan ya warware yadda ake haɗa ainihin fuskar Arnold da kan roba da Stan Winston, gwanin ƙera dodannin fim, ya ƙera, a nuna wannan a yanka a nuna wancan, a nuna wuƙa, a nuna ido ya faɗa cikin ruwa, ƙwaƙwalwar mai kallo ita ke ƙarasa abin da ba a nuna ba. Bai ɓoye cewa abin hannu ne da dabara ba. Haka yaƙin duniyar gaba, 'yan ƙananan kangaye ne da tankoki kamar kayan wasan yara, a sa hayaƙi, a jera abubuwa manya a gaba ƙanana a baya sai ido ya ɗauka fili ne mai nisan gaske. Wannan ilimin gidan Corman ne tsantsa. A can ne fa, lokacin fim ɗin Galaxy of Terror na 1981, ake so tsutsotsi su yi motsi a kan wani hannun roba suka ƙi, ya jona musu wayar lantarki, in ya ce a fara sai a kunna su hau mutsu-mutsu, in ya ce a tsaya a kashe su lafa. Wasu furodusoshi da ke wurin suka gani, ta nan aka ba shi fim ɗinsa na farko a matsayin darakta.

To a nan ne nake da ƙorafi, kuma shi ya sa ba zan ba kwas ɗin cikakken maki ba. Ni na shiga ne ina son jin hanyar dalla-dalla, yadda mutum ke tashi daga direba ya zama darakta, faɗuwar da tashin, amma wannan ɓangaren sama-sama aka taɓa shi, ƙarfin kwas ɗin yana kan fasa fitowa-fitowa ne daga fina-finai huɗu: Terminator, Aliens, Titanic da Avatar. Alhali wannan fim ɗin na farko da aka ba shi, Piranha II, labarinsa kaɗai darasi ne. A Jamaika aka yi ɗaukar, furodusan ɗan Italiya ne Ovidio Assonitis, ba a je ko'ina ba ya karɓe fim ɗin daga hannunsa ya sallame shi amma aka bar sunansa a jiki. Ya bi su har birnin Rum ba kuɗi ba lafiya, zazzaɓi ya kwantar da shi, a cikin zazzaɓin ya yi mafarkin wani ƙwarangwal na ƙarfe yana fitowa daga cikin wuta, wannan mafarkin shi ne asalin Terminator. Da ya rubuta labarin kamfanoni suna so amma ba sa son shi ya ba da umarni, sai ya sayar wa furodusa Gale Anne Hurd haƙƙin labarin a kan dala ɗaya tak bisa sharaɗin shi ne darakta ko a fasa. Terminator ɗin ya kawo wajen dala miliyan 78. Irin wannan shawarar, ta yaushe za ka riƙe abinka yaushe za ka saki, ita ce matashin da ke yawo da labarinsa a jaka daga ofishin wannan furodusa zuwa na wancan ya fi buƙata, kuma na so a ce an ware mata awa guda cur.

Haka na so a zauna sosai a kan The Abyss na 1989, wanda aka ɗauka a cikin wani ƙaton tanki na tashar nukiliyar da ba a ƙarasa ba a South Carolina, 'yan wasa da ma'aikata suka sha baƙar wuya a ƙarƙashin ruwa, fim ɗin kuma bai yi kasuwar da aka zata ba. Amma a cikinsa ne aka yi wannan halittar ruwan da kwamfuta, wadda ita ta buɗe ƙofar mugun nan mai narkewa kamar dalma a Terminator 2 na 1991, fim ɗin da ya haura dala miliyan 500. Ka ga fim ɗin da bai ci kasuwa ba shi ya haifi wanda ya ci. Duk tafiyar mutumin nan haka take a sarƙe, son nutso a teku ya kai shi ga Titanic har ya sauka wurin ainihin jirgin sau 12 a 1995 don ɗauko hoto, aka gina sabon sutudiyo a Rosarito ta Meziko, kuɗi suka haura har dala miliyan 200, jaridu suna ta cewa ya kashe kansa, shi kuma ya yafe kuɗin aikinsa na darakta don a ƙarasa. Fim ɗin ya fito 1997 ya zama na farko da ya haura dala biliyan ɗaya, ya kwashe kambun Oscar 11. Ta yaya mutum ke barci a irin wannan watannin, wannan nake son ji daga bakinsa da tsawo.

Ɓangaren Avatar kuma gaskiya ni kallo kawai na yi. Yana da daɗin ji, yadda ya rubuta labarin tun tsakiyar shekarun 1990 ya ajiye shi a durowa saboda fasahar lokacin ba za ta iya ba, sai 2009 ya fito, da yadda ake sa wa 'yan wasa kaya masu ɗigo-ɗigo da ƙaramar kyamara a gaban fuska tana kwashe motsin ido da baki, shi kuma yana riƙe da wani allo yana ganin su a matsayin shuɗayen mutanen nan a cikin dajinsu nan take. Amma babu abin da zan ɗauka daga nan in yi aiki da shi gobe. Ba laifinsa ba ne, matakin da ya kai kenan, kawai dai mai saye ya sani. Kuma tunda kwas ɗin na 2021 ne, an yi shi kafin Avatar na biyu ya fito a Disambar 2022, don haka mai son jin labarin wannan fim ɗin bayan fitowarsa ba a nan zai samu ba.

Abin da ban zata ba shi ne darasin ƙarshe a kan shugabanci. Mutumin nan sananne ne da zafin rai a wurin aiki, rigimarsa da ma'aikatan sutudiyon Pinewood na Ingila lokacin ɗaukar Aliens, wanda ya fito a 1986, ba ɓoyayyiya ba ce, su suna ganin wani yaro ne da ba su san shi ba, shi yana ganin ba su ɗauki aikin da zafi ba, har hutun shan shayinsu ya zama abin faɗa. To a nan ya zauna da furfurarsa ya amsa da bakinsa cewa a da ya yi mulkin kama-karya, ya kamata a ce ya fi sauraron mutane, kuma bai kamata ya fifita fim a kan mutanen da ke yi masa aiki ba, har ya ambaci Ron Howard a matsayin wanda yake sha'awar halinsa. Wannan ya taɓa ni ƙwarai. Ni ma ina da yara a ƙarƙashina, kuma ranar biki in abu ya cakuɗe, batir ya mutu ko an rasa shigowar ango, na san irin tsawar da nake yi musu a gaban jama'a. Washegari da na kalli darasin na kira su biyun na ba su haƙuri a kan wani abu da ya faru tun watan jiya, babban cikinsu har ya rasa abin cewa sai “ba komai Oga” yake ta maimaitawa.

Wa zan ce ya saya? In kana riƙe da kyamara ko kana editin ko kana rubuta labari, ka riga ka san aikin kana neman wanda zai buɗe maka ido a kan dalilin da ya sa ake ajiye kyamara a nan ba a can ba, to kuɗinka ba zai tafi a banza ba, musamman in za ka daure ka kalli na sauran daraktocin tunda kuɗin shekara ɗaya ne ya haɗa su. In kuma sabon shiga ne kai, ba ka san bambancin lens da lens ba, ba ka taɓa buɗe manhajar editin ba, kar ka fara da wannan, ba zai koya maka danna maɓalli ba, ba kuma satifiket za ka fito da shi ba, babu wanda zai duba aikinka ya gyara maka. Kuma dole ka kalli fina-finan huɗu kafin ka shiga, in ba haka ba rabin maganar za ta wuce ka, sannan zai tona maka ƙarshen labari. Ga iyaye kuma, akwai wuraren jini da harbi a cikin fitowar da yake nunawa, ba abin kunnawa a falo gaban yara ba ne.

A lissafina bakwai cikin goma na ba shi. Uku ɗin da na cire na gajartarsa ne da kuma tarihin gwagwarmayar da aka taƙaita. Bakwai ɗin kuma kusan duk na darussan Terminator ne da na ƙarshen nan. Littafina ya cika shafi goma sha ɗaya, kuma na riga na je na yi magana da manajan gidan man bakin titinmu, ya ce in dai bayan sallar isha'i ne kuma ba za mu tare wa motoci hanya ba mu zo mu yi. Ranar Asabar za mu ɗauki fitowa ɗaya a can, yarinya tana jiran a-daidaita-sahu ita kaɗai, wani yana tahowa daga bayanta daga cikin duhu, mai kallo yana ganinsa ita ba ta gani. Fitilunmu biyu a shago za mu bar su.